Tambaya da Amsa: Wai duniya ta gama halatta tabar wiwi?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibin shari'a ne. Kullum muna gardama da wani abokina a kan tabar wiwi. Shi cewa yake yi magana ta ƙare, tunda Kanada da Jamus da Amurka sun halatta, nan da shekara goma babu ƙasar da za a ƙara kama mutum don ya sha. Ni kuma na ce mafarki yake yi. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Kuma kai wane ɓangare kake?

Amsa: Ɗana, kafin in raba muku gardama, bari in ɗan tsaya a kan kalmar da kuke faɗa a kanta. Idan Bahaushe ya ji "halatta" zuciyarsa tana tafiya ga halal da haram, alhali abin da majalisun nan suke yi shi ne cire hukunci daga kundin dokar ƙasa. Majalisa ba ta ba da fatawa. Wannan ɗaya.

Na biyu, abin da 'yan jarida suke tattarawa su kira halattawa abubuwa ne daban-daban, kuma abokinka ya zuba su duka a ƙwarya ɗaya. Fotugal a 2001 ta ce wanda aka kama da ɗan abin da zai sha, ko wiwi ko wata ƙwaya, ba za a kai shi kotun laifi ba, sai dai a tura shi gaban wani kwamiti da zai iya cin sa tara ko ya haɗa shi da likita. Sayarwa kuwa laifi ce har gobe. Holan tun 1976 take kawar da kai, ana sayar da giram 5 a shagunan da suke kira shagon kofi, amma shekara da shekaru wanda yake kawo wa shagon kaya ta ƙofar baya mai laifi ne a idon doka. Ka ji abin mamaki: a sayar maka da izini, a kama wanda ya noma. Afirka ta Kudu kuma kotun tsarin mulki ce ta yanke a watan Satumba na 2018 cewa abin da baligi ya shuka ya sha a cikin gidansa ba ruwan ɗan sanda, amma ba ta buɗe kasuwa ba. Jamus da abokinka ya ambata, daga 1 ga Afrilun 2024 ta yarda baligi ya riƙe giram 25 a waje, 50 a gida, ya shuka tushe uku, ko kuma, daga watan Yuli na shekarar, ya shiga ƙungiyar noma wadda ba ta neman riba, mambobinta kada su wuce 500. Gwamnatin ta so ta buɗe shaguna masu lasisi, dokokin Tarayyar Turai suka taka mata birki.

Ƙasashen da suka fara buɗe kasuwa ga kowane baligi a faɗin ƙasa su ne Yurugwai, da ta yi dokarta a 2013, da Kanada a 17 ga Oktoban 2018. Amurka kuwa gida biyu ce. Jihohin Kolorado da Washington suka fara a 2012 ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, zuwa ƙarshen 2023 jihohi 24 cikin 50 sun bi sahu. Amma dokar tarayya ta 1970 ta ajiye wiwi a rukunin farko na ƙwayoyi, wato mafi tsananin hani, wuri ɗaya da hodar hiroyin. A 2024 aka fara bin matakan saukar da ita zuwa rukuni na uku mai sassauci, kuma ko an kammala hakan, saukarwa ba ta nufin kowa ya sha yadda ya ga dama. Saboda wannan tufka da warwara ne manyan bankuna suka daɗe suna gudun kuɗin masu shagunan, har ka ga mutum da lasisin jiha a bango yana biyan haraji da tsabar kuɗi a jaka.

Sai kuma ɗaya gefen duniya da abokinka bai leƙa ba. A watan Afrilun 2023 Singafo ta rataye wani mutum a kan safarar wiwi da ba ta wuce kusan kilo ɗaya ba. A Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin da aka kaɗa ƙuri'a a Disamban 2020 don cire wiwi daga jerin mafi tsanani na yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1961 a kan miyagun ƙwayoyi, ƙasashe 27 suka yarda, 25 suka ƙi, ɗaya ta yi rowar ƙuri'a. Ratar biyu ce kacal, kuma abin da aka amince da shi kawai shi ne tana da amfani a magani. Mutanen Niyu Zilan, da ake ganin sun fi kowa sassauci, sun ƙi halatta ta a ƙuri'ar raba gardama ta 2020 da kashi 50.7 cikin ɗari. Jihar Fulorida ta Amurka a 2024 ta sami kusan kashi 56 na masu so, amma tsarin mulkin jihar kashi 60 yake nema, magana ta faɗi.

Tailan ce ta fi ba ni darasi. A watan Yunin 2022 ministan lafiya Anutin Charnvirakul, wanda jam'iyyarsa ta yi yaƙin neman zaɓe da wannan alkawari, ya cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi tun majalisa ba ta gama rubuta dokar da za ta tsara sayarwa ba. Gwamnati har raba tsiro miliyan ɗaya ta yi kyauta. Kafin a ce kwabo shaguna dubbai sun tsiro a Bankok da wuraren yawon buɗe ido. An fafe gora ranar tafiya. A Yunin 2025, kwanaki kaɗan bayan jam'iyyar Anutin ta fice daga gwamnatin haɗaka, aka dawo da sharaɗin takardar likita. Kenan ƙofar nan tana buɗuwa, tana kuma rufuwa. Ka ci gardamar shekara goma, sai dai kada ka yi saurin murna, domin abokinka ya yi daidai a kan alkibla. A 1969 kashi 12 ne kawai na Amurkawa suka gaya wa Gallup, kamfanin auna ra'ayin jama'a, suna so a halatta, a 2023 sun kai kashi 70.

Ɓangaren da nake kuwa, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa ganin amfanin ɗaure yaro ɗan shekara ashirin don an sami ƙulli ɗaya a aljihunsa ba. Na taɓa zama a wata kotu ina jiran wata shari'a dabam, aka shigo da irin waɗannan samari a jere, kowanne aka karanta masa tuhuma cikin minti biyu. Babu dillali ko ɗaya a cikinsu. Zai shiga gidan yari da wiwi, ya fito da sana'ar da ta fi ta muni da tabon da zai hana shi aiki. A Amurka ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta nuna a 2013 cewa ana kama baƙar fata kusan ninki huɗu fiye da farar fata a kan wiwi, alhali shan nasu kusan ɗaya ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Amma daina ɗaure mashayi abu ne dabam da kafa attajirin da arzikinsa ya rataya a kan a ƙara sha. Nan ne nake rabuwa da masu murna. Duk mai sayar da kayan maye ya san wanda yake ɗanɗanawa sau ɗaya a wata ba shi ke riƙe kasuwa ba. Mai sha kullum, tun safe, shi ne jarin. Don haka kamfanin da ke da masu hannun jari dole ya nemi ƙara irin wannan mutum, ya ƙara wa kayan ƙarfi, ya saka shi a alawa da lemo, ya ɗauki lauyoyi su sassauta masa dokar talla. A 2018 kamfanin Altria mai sigarin Marlboro ya zuba kusan dala biliyan 1.8 a kamfanin wiwi na Cronos, Constellation Brands mai sayar da giya ya zuba kusan biliyan 4 a Canopy Growth. Waɗannan ba don tausayin fursunoni suka shigo ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Shi ya sa tsarin Yurugwai ya fi kwanta mini, duk da ba shi da farin jini wurin 'yan kasuwa. Shugaban ƙasar na lokacin, José Mujica, tsohon ɗan tawaye da ya shafe shekaru a kurkuku, bai taɓa cewa wiwi abin kirki ba ce. Cewa ya yi yana so ya ƙwace kasuwar daga hannun masu safara, kuma ya yi hakan a lokacin da mafi yawan 'yan ƙasarsa ba su goyi baya ba. Gwamnati ce take ba da izinin noma, ita take yanke farashi. Mai saye sai ya yi rajista, ya ɗora yatsa a kantin magani, kuma ba zai wuce giram 40 a wata ba. Babu talla, ba a sayar wa baƙo ɗan yawon buɗe ido. Sai a 2017 ma aka fara sayarwa, bayan shekara fiye da uku ana shiri. Tsarin yana da nasa ciwon kai, wasu mashaya sun ƙi ba gwamnati sunansu, sun ci gaba da zuwa wurin tsohon dillali. Amma babu wanda albashinsa yake ƙaruwa idan ɗanka ya kamu.

Tambaya: Ni uwa ce. Ɗana yana da shekara 17, na sami abin nan a ɗakinsa. Da na yi masa faɗa sai ya ce ai ganye ne, likitocin Turai ma magani suke yi da shi, kuma da yana da illa da ba a halatta ba. Na rasa abin da zan ce masa.

Amsa: Hajiya, Allah Ya shirya mana. Yaron ya ɗauko rabin gaskiya, ki ba shi sauran rabin cikin natsuwa.

A cikin ganyen akwai sinadarai da yawa, biyu ne aka fi magana a kansu. THC shi ne mai bugarwa. CBD ba ya bugarwa, kuma daga shi aka yi maganin Epidiolex da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama ƙananan yara. Ana kuma ba masu cutar daji maganin da ke ɗauke da THC don rage tashin zuciyar da jinya ke jawowa. Duk wannan gaskiya ne. Amma ruwan magani ne da aka tace, aka auna, likita ya rubuta. Mofin ma, maganin kashe zafin ciwo, daga tsiron ofiyom ake samunsa, babu wanda ya ce don haka yara su riƙa shan ofiyom.

Ki tambaye shi: a cikin ƙasashen da yake kafa hujja da su, wacce ce ta yarda ɗan shekara 17 ya saya? Babu ko ɗaya. Jamus da Yurugwai 18 suka ce, yawancin lardunan Kanada 19, jihohin Amurka 21, lardin Kebek na Kanada ma ya ɗaga nasa zuwa 21. Dalili kuwa shi ne ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna ba sai wajen shekara 25. Kiyasin da likitoci suka daɗe suna amfani da shi shi ne kusan mutum ɗaya cikin goma na masu sha yana kamuwa har ya kasa bari, idan kuma tun yana matashi ya fara, ɗaya cikin shida. Kuma wiwin yau ba ta zamanin kakanninsa ba ce. Wadda hukumomin Amurka suke kamawa a tsakiyar shekarun 1990 THC ɗinta kusan kashi 4 ne cikin ɗari, yanzu ya ninka haka fiye da sau uku. Shan mai ƙarfi kullum yana da alaƙa da taɓin hankali, musamman ga wanda akwai ciwon a danginsa.

Kada ki fara da kiran ɗan sanda, kada kuma ki tara masa dangi a yi masa taron dangi. Ki nemi sanin tun yaushe ya fara, sau nawa yake sha, da wa. Idan barci ko karatu ko cin abincinsa ya canja, ko ya fara zargin ana binsa, ko yana jin maganganun da ba kowa ke ji ba, ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a makon nan, kada ki jira.

Tambaya: Malam, me ya sa 'yan siyasar da suka yi ta tsine wa wiwi jiya su ne suke kare ta yau? Kuɗi ne ko ƙuri'a?

Amsa: Duka biyun, Malam, amma ƙuri'a ce take gaba. Ka lura a Amurka yawancin jihohin farko ba majalisa ce ta yi ba, jama'a ne suka tara sa hannu suka tilasta a kaɗa ƙuri'a, tun daga Kalifoniya a 1996 da ta fara yarda da ita don magani. 'Yan siyasa sai da suka ga inda kiɗa ya nufa sannan suka sauya rawa. A Kanada Justin Trudeau ya sa ta a alkawuran zaɓen 2015, ya ci, ya cika. Joe Biden, wanda yana cikin masu rubuta dokokin tsananta hukuncin ƙwaya lokacin yana sanata, shi ne a Oktoban 2022, yana shugaban Amurka, ya yafe wa waɗanda kotun tarayya ta samu da laifin riƙe wiwi kawai.

Kuɗin yana zuwa daga baya, ta hanyoyi biyu. Akwai haraji, wanda gwamnoni suke so, sai dai yana da tarko: idan aka ɗora da yawa, na shago ya yi tsada, mashayi ya koma bayan fage, kamar yadda Kalifoniya take fama har yanzu. Akwai kuma na aljihu. John Boehner, tsohon kakakin majalisar wakilan Amurka, ya taɓa cewa ba zai taɓa sauya ra'ayi a kan adawa da halattawa ba. A 2018 ya shiga hukumar wani kamfanin wiwi mai suna Acreage Holdings, ya ce tunaninsa ya ci gaba.

A Afirka lissafin ya ɗan bambanta, don magana ce ta noma da fitarwa waje. Lesoto ce ta fara ba da lasisin noman magani a 2017. Maroko ta yi dokarta a 2021 don magani da masana'antu, da fatan manoman tsaunukan Rif, waɗanda suka gaji noman nan kaka da kakanni suna gudun jami'ai, su dawo cikin tsari. A Agustan 2024 sarkin ƙasar ya yafe wa fiye da 4,800 daga cikinsu. Shan nishaɗi kuwa yana nan a matsayin laifi a can.