Kafin ka taɓa tayarod

Ka ce ka juya tayarod, wato ƙarfen da ya haɗa sitiyari da taya, na Golf ɗin nan har ka gaji, amma ba ta daina jan hannun dama ba, kana tambaya ko alaimen ɗin, wato saitin tayoyi, ne bai kama ba. To, yaro, ajiye sifana ka saurara.

Tayarod abu ɗaya yake gyarawa: ko bakin tayoyin gaba ya tsuke ciki, ko ya buɗe waje. Shi ne to-in da to-awut, kuma duka awonsa bai cika wuce milimita 1 ko 2 ba. In ya kauce, taya ce ke shan wuya. Shafa tafin hannunka a kanta, za ka ji santsi ta gefe ɗaya, kaifi ta ɗaya gefen. Amma jan mota gefe, yawanci ba laifinsa ba ne.

Wannan aikin kamba ne ko kasta. Tsaya a gaban mota ka dubi taya, ko samanta ya kwanta ciki, ko ya leƙo waje, wannan shi ne kamba. Mota tana bin ɓangaren da tayarsa ta fi leƙowa waje, kuma gefe ɗaya na tayar zai cinye sumul. A Golf 3, kusoshi biyun da suka ɗaure ƙasan shokazoba ake sassautawa a saita shi. Kasta kuwa, dubi yadda ƙahon keke ya kishingiɗa baya, haka shokazoban gaba yake kishingiɗe a mota. Shi ke dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Yawancin ƙananan motocin nan ba su da wurin saita shi. In na'ura ta nuna ya kauce, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, sai a nemo lowa am, ƙarfen ƙasa da ke riƙe da taya, a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, kada ka saita komai a kan kayan da suka mutu. Rami da kwalbati sun riga sun yi aikinsu kafin mota ta iso garejin nan. Fara auna iska, don taya mai ƙarancin iska ita kaɗai tana jan mota. Ɗaga jak, ka girgiza tayar da hannu biyu. In boljon, gaɓar da taya ke juyawa a kanta, ko bush, robar da ke tsakanin ƙarafa, yana wasa, a canza shi tukuna. Wanda ya karɓi kuɗin alaimen bai duba wannan ba, ya ci haƙƙin mai mota, don kafin ya kai unguwar Kurna saitin ya watse.

To-in a ƙarshe ake yin sa, saboda taɓa kamba yana motsa shi. Sauke motar, ka tura ta gaba kaɗan ta zauna, ka tsayar da sitiyari daidai, ka sassauta mariƙin robar da ta rufe tayarod don kada ta murɗe, sannan ka juya tayarod na dama da na hagu daidai wa daida.

Yanzu je ka musanya tayoyin gaban Golf ɗin, ta dama ta koma hagu. In jan ya koma hagu, tayar ce.