'Yar yayana ba ta da lafiya, babanta ya ce ba asibiti: in kai ta a ɓoye?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama, ni a Garwa nake. 'Yar yayana ce shekararta 16, wata uku kenan in al'adarta ta zo sai ta yi kwana goma ko fiye jini bai tsaya ba, yanzu duk ta rame ta yi fari, shekaranjiya ma tana ɗibar ruwa jiri ya kwashe ta. Babanta ya ce budurwa ba ta zuwa wurin masu duba mata, wai mutane za su ce wani abu ta yi, sai sassaƙe da rubutu ake ba ta, ita kuma uwarta ba ta iya ja da shi. Ni yarinyar ta samu tana kuka. Dan Allah in na kai ta asibiti ba da saninsu ba za a karɓe ta? Za a faɗa wa babanta? Ni kuma ba zan shiga matsala ba?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. Ni ungozomar asibiti ce, sajfam kamar yadda ake ce mana a nan, kuma irin wannan maganar ba sau ɗaya ba sau biyu ba ta zo gabana.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Yau ɗin nan ki je gidan, ki ja ta gefe inda akwai haske, ki sa yatsa ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba ciki. Mai isasshen jini ja za ki gani, in kika ga wurin ya yi fari fat toh ki duba harshenta da tafin hannunta ma. Ki tambaye ta ƙunzugu ko audugar mata nawa take canzawa a wuni. In tana jiƙa guda sharkaf cikin awa ɗaya ko biyu, ko gudaji manya na fita, ko tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, zuciya na bugawa fat fat, ko ta sake faɗuwa, ko akwai ciwon mara mai tsanani musamman gefe ɗaya, ko zazzaɓi da wari, toh wallahi maganar izini ta ƙare, ki tare moto ku tafi urjans, wato sashen gaggawa na asibiti, a kira babanta daga can. Ƙa'idar aikin likitoci ta Kamaru tun ta 1983 ta ce in aka kawo yaro cikin gaggawa kuma ba halin a samu yardar mai kula da shi a kan lokaci, likita ya yi abin da ya kamata. Kuma dokar hukunta laifuka ta 2016, sashe na 283, cewa ta yi wanda ya ga mutum cikin hatsarin mutuwa ko mummunan rauni ya ƙi taimaka masa alhali zai iya, ɗauri ne daga wata 1 zuwa shekara 3 ko tara ko duka biyun. Kin ga a irin wannan halin doka ma tana bayanki ne, wanda ya naɗe hannu shi ke da abin tsoro.

In kuma bai kai nan ba, tana tafiya da ƙafarta tana cin abinci, sai mu yi lissafi a tsanake amma fa ba a wuce gobe ko jibi ba.

Za a karɓe ta? Eh. A doka ita yarinya ce, a Kamaru sai mutum ya kai 21 yake cin gashin kansa a harkar sa hannu da makamantansu, saboda haka ba ita ke da ta cewa ita kaɗai ba. Amma a aikace kullum muna ganin yara sun zo da gwaggo ko kaka ko yaya, a yanki karne wato katin asibiti, a auna su, a tura su labo wajen awon jini, a rubuta ordonans wato takardar magani, ba wanda yake cewa sai an kawo uba kafin a duba jinin yarinya. Inda abin yake tsayawa shi ne in za a kwantar da ita, ko a yi mata aiki, ko a ƙara mata jini. Nan za a nemi uwa ko uba su sa hannu in dai akwai lokaci. Kuma ƙarin jini kin san yadda yake a wajenmu, ana cewa dangi su kawo masu ba da jini a mayar da ledar da aka ɗauka, ga kuɗi, toh ta yaya za ki tara maza biyu daga dangi ki ce kuma babanta bai sani ba? Shi ya sa nake so ki cire wa ranki cewa abin zai ɓoyu har ƙarshe. Ki ɗauka kina sayen kwana ɗaya ne ko biyu don ki samu takarda a hannu.

Kai ta asibiti daban, ɓoye ta daban, dan Allah ki riƙe wannan. Ki tafi da ita da safe ki dawo da ita gidansu kafin la'asar, wannan gwaggo ce ta kai 'yar ɗan'uwanta a duba ta. Amma ki ɗauke ta ki ajiye a gidanki kwana biyu uku uba na nema kina cewa ba ki gan ta ba, ko ki sa ta a mota ki tura ta Ngaundere ko Marwa wurin wata ƙawarki, nan kin ba shi sanda ya buge ki, don sashe na 352 na dokar hukunta laifukan yana hukunta wanda ya ɗauke ɗan ƙasa da 18 daga hannun masu riƙonsa ba da son ransu ba, ko da da yardar yaron ne, ɗaurin shekara 1 zuwa 5. Uba mai fushi in ya samu mai zuga shi har jandarma zai iya kai ƙanwarsa, zumunci kuma ya lalace a banza. Kuma a asibitin kar ki ce ke ce uwarta. Mata da yawa suna yin haka wai don a yi sauri, sai mu zo tambayar ciwon da ta yi tana ƙarama ko ita uwar tana yawan zubar jini wajen haihuwa sai a fara kame-kame. Ki ce ni gwaggonta ce, babanta bai yarda ba tukuna, uwarta na tsoro. Mun saba ji, kuma in mun sani mun fi sanin yadda za mu tafiyar da abin.

Maganar ko za a faɗa masa, ba ma ɗaukar waya mu kira uba mu ce ga abin da 'yarka ta faɗa, tona sirrin mara lafiya laifi ne a sashe na 310. Sai dai in an kai ga wancan sa hannun da na ce, ko ranta na cikin hatsari. Ni abin da na fi ji miki ba ma'aikata ba ne, benci ne. Maƙwabciya ta zo awon ciki ta gan ku zaune a layin mataniti, kafin ku iso gida labari ya riga ku kuma ya canza kama. Ku je santar lafiya da ba ta kartiyenku ba, wato ba ta unguwarku ba, ku shiga ta layin duba marasa lafiya na kowa da kowa, in akwai buƙatar likitan mata su za su tura ku.

Sannan ki shirya, za mu ce ki ɗan fita ki ba mu wuri. Kar ki ji haushi. Akwai abin da yarinya ba za ta faɗa gaban gwaggonta ba komai sonta da ita, kuma za a yi mata awon ciki na fitsari, wannan duk macen da ta fara al'ada ta zo da zubar jini ana yi mata, ba zargi ba ne, don ɓari da cikin da ya zauna a wajen mahaifa da jini suke zuwa kuma na biyun yana iya kisa cikin awoyi. Amma gaskiya a shekarunta abin da ya fi yawa ba wannan ba ne sam. Shekarun farko bayan fara al'ada ƙwai bai daidaita fita duk wata ba, sai bangon mahaifa ya yi ta kauri, in ya tashi zuba ya ƙi tsayawa. Wasu kuma jininsu ne ba ya saurin daskarewa tun haihuwa, irin masu yawan haɓo. Ga kuma wanda mutane ba sa kawowa a rai, tsargiya. Yarinyar da ta taso tana wanki ko wanka a Binuwai ko wajen dam ɗin Lagdo ko kududdufan damina, ƙwayayen tsutsar nan ba a mafitsara kaɗai suke zama ba, suna zama a gaban mace su kawo jini da ƙaiƙayi da ruwa, a yi ta zargin yarinya da ciwon sanyi na iskanci alhali ruwan kogi ne, maganinsa kuma praziquantel ne da ake auna shi da nauyin jiki. Ki tuna wa mai duba ta in tana zuwa kogi. Batun budurci kuma da iyaye ke tsoro, ba a sa wa budurwa ƙarfen duba mata haka kawai, tambaya ce da awon jini da fitsari, in an so ganin mahaifa ekografi ne, wato hoton da ake ɗauka da na'ura ta kan ciki.

In a cikin hirar ta fito cewa wani ne ya taɓa ta da ƙarfi, toh lokaci na da tsada, maganin kariya daga sida, wato ƙanjamau, sai cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin kwana 5, kuma a nemi takardar likita ta shaida. In mai laifin a cikin gidan yake, nan kam kar ki mayar da ita ki yi shiru, ki tafi santar sosiyal ta ma'aikatar jin daɗin jama'a su shiga maganar, su ne za su bi hanyar doka a raba yaro da gidan da ake cutar da shi, ba ke ba.

Kar ki saya mata komai a tebur ko wurin mai yawo da magani a kai. Aspirin musamman, ƙara zubar yake yi.

Yanzu babanta. Na taɓa samun irin wannan sak, inna ce ta kawo yarinya, awon jini ya nuna 6 da ɗigo, alhali budurwa mai lafiya 12 ne zuwa sama. Uban ya zo da yamma rai a ɓace babbar riga na jan ƙasa, ya tsaya bakin ƙofa ya ƙi ma zama. Ban ce masa komai a kan al'ada ba. Na miƙa masa takardar na ce Alhaji rabin jinin 'yarka ya tafi, na ja fatar idona na nuna masa, na ja nata. Ya yi shiru ya daɗe, sai ya ce nawa ne ledar jinin, ƙarshe shi ya fara naɗe hannun riga aka ɗiba nasa. Yawancin iyayen nan ba ƙin 'ya'yansu suke ba, bakin mutane suke tsoro, in kika ce masa ciwon mata abin da zai ji daban, in kika ce ƙarancin jini ga lamba a takarda kin ba shi abin da zai faɗa a majalisa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Rubutun ma ba sai kin yi faɗa da shi ba, a ci gaba da sha, a haɗa da na asibiti, sassaƙen ne dai a dakata da shi a kuma faɗa wa likita wane iri ta sha.

Uwar kuwa ni a ganina ki faɗa mata tun kafin ku fita, ko ba za ta bi ku ba. Ba ta iya ja da shi amma tana iya cewa ta aiki yarinya gidan gwaggonta, kuma in ta kama a sa hannu, uwa in ta zo ba ma korar ta mu ce sai uba. Sai dai ki fara tambayar ita yarinyar me ta yarda a faɗa me ba ta yarda ba, sirrin nata ne, ke amana aka ba ki. In kin dawo da takarda yayanki ya ƙi saurara, ki kai wa wanda yake jin nauyinsa, mahaifiyarku in tana raye, ko baffanku, ko limamin masallacinsu, ko jauro mai unguwa, in duk ya ƙi kuma yarinya na ƙara yin fari sai santar sosiyal.

In an rubuta mata ƙwayar ƙarin jini ki faɗa mata bayan gidanta zai yi baƙi kar ta tsorata ta daina, ana shan ta wajen wata uku ne ba sati ɗaya ba, kuma kar ta kora ta da shayi don shayi na hana jiki ɗaukar ta, ta sha da ruwa ko lemun tsami. Ku fita da sassafe don ku samu labo kafin layi ya yi tsawo, ki riƙe kuɗin karne da na awo da na moto, ki sa ta tuno ranakun da jinin ya fara da ranakun da ya tsaya a watannin nan uku ku rubuta a takarda, ita za a fara tambayarku.