Matasa da Damuwar da Suke Ɓoyewa: Likita Ya Amsa

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 nonuwansa sun ɗan kumbura, muryarsa ba ta buɗe ba. 'Yan ajinsu na kiransa ɗan daudu, har ya daina fita wasa. (Wata uwa, Zariya)

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ana yawan ganin wannan kumburi ga yara maza a lokacin balaga, sinadaran jiki ne ba su gama daidaituwa ba, kuma yakan sace da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Kada a matsa shi, kada a gasa. Murya kuwa wasu sai sun kai 15 take buɗewa. Duka biyun ba sa nuna wanda yaro zai so idan ya girma. A kai shi asibiti in ruwa ko jini na fita daga nonon, ko marainansa ba su fara girma ba. Ni tsokanar ce ta fi damuna. Ki je ki ga malaminsu.

Tambaya: Shekarata 17. Maza 'yan'uwana nake jin sha'awa, na tsani kaina, ba na barci. Akwai allurar da za ta cire min wannan? (Wani ɗalibi)

Amsa: Ɗana, babu allura, babu ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa tun 1990. Duka, ɗauri da horon yunwa ba sa sauya shi, ciwon damuwa suke ƙarawa. Abin da ke buƙatar magani shi ne rashin barcin da ƙin kan nan. Idan ƙunci, rashin cin abinci da janyewa daga mutane sun wuce mako 2, ka ga likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna. Riƙe sirri wajibin likita ne. Ka kula da wanda kake faɗa wa, kuma kada ka tura wa baƙo hotonka a Facebook, da shi ake yi wa yara barazana a karɓi kuɗi.

Tambaya: Ƙanwata ta ce gara ta mutu, bayan an yi ta yaɗa magana a kanta da ƙawarta.

Amsa: Kada ki ɗauka wasa ne. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Ki kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da ƙwayoyi daga gidan, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti yau ɗin nan. Faɗa da tuhuma su jira.