Amsa ga mai tambayar yadda ake fasa katangar sarki a ces

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina, na ji saƙonka, wai abokin karawarka ya yi kasil, wato ya ɓoye sarkinsa a lungu, ya jera sojoji uku gaban sarki, ka rasa ƙofa. Ni dai na gane inda ka dosa, izini kake nema ka sadaukar da bishof ɗinka a gidan h7, inda sojan gefe na gaban sarkinsa yake. To ba zan hana ka ba, amma ka ƙirga tukuna.

Wannan dabarar tsohuwa ce, tun zamanin Greco ɗan Italiya, shekara ɗari huɗu ke nan. Bishof ya ci sojan h7, sarki ya cinye shi, doki ya hau g5 da cek, wato hari kan sarki, sarauniya ta taho h5. Amma fa sai in dokin abokin karawarka ba ya f6, shi ya sa ake son sojanka ya riga ya zauna a e5 ya kore shi. Sannan ka duba wa ke gadin g5. In bishof ɗinsa na e7, cinye dokin zai yi, sai dai in kana da soja a h4 da ruk a bayansa. Kuma kowa komawar sarki g8 yake lissafa wa, a manta sarki na iya fitowa g6 abinsa. In ba ka tanadi amsar g6 ba, kyauta ka yi masa.

Ka je ka ga wasan Lasker da Bauer, Amsterdam, 1889. Lasker yana ɗan shekara 20. Bauer ya ci masa doki a h5, maimakon Lasker ya rama nan take sai ya ba da bishof a h7. Sarauniya ta ɗauke dokin da cek, sarki ya koma g8, sai Lasker ya sake ba da ɗaya bishof ɗin a g7. Duka biyun fa! Sarki ya zama tsirara, ruk ya hau f3 zai wuce h3, dole Bauer ya miƙa sarauniyarsa. To abin da ke burge ni ba nan yake ba. Bayan ƙura ta lafa, kayan Bauer sun isa ya ci gaba da faɗa, sai Lasker ya dire sarauniya a d7, ta kai wa bishof biyun Bauer hari lokaci ɗaya, dole ɗaya ya tafi. Wannan d7 ɗin ita ta biya kuɗin duk abin da ya zubar.

Su kuma masu sa wasannin Tal, gwanin sadaukar da kaya, a kwamfuta su dawo group suna cewa ai sadaukarwarsa ba ta inganta ba, don Allah ku ƙyale mu. Mutumin da ya karɓe kambin duniya daga hannun Botvinnik a 1960? Eh, Botvinnik ya ƙwace abinsa a 1961, na sani, kada wani ya turo min. Amma wanda ke zaune gaban Tal agogo na cinsa, wace kwamfuta ce a aljihunsa? Akwai wani a wurin da muke bugawa, kullum sai ya watsar da doki ya ce shi Tal ne, in an cinye shi ya ce hayaniya ta yi yawa... bar wannan ma.

Au, akwai kuma sadaukarwa irin ta Petrosian, tsohon zakaran duniya, ba da ruk a karɓi doki ko bishof don kawai a mallaki gida ɗaya, wannan sai wani lokaci. Kai dai ƙirga masu kai hari da masu gadi a gefen sarkin, in naka ba su fi ba, ƙaro ruk tukuna. Turo min hoton allon in gani, kuma ka faɗa min wa ke da tafiya.