Tambaya Da Amsa: Anti, Sikeli Ya Tsaya Cak Kuma Na Gaji

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Ni matar aure ce 'ya'yana uku, tun haihuwata ta ƙarshe jikina ya buɗe tumbi ya ƙi komawa. Bayan ƙaramar sallah na ɗaura aniya na daina tuwo da shinkafa kwata-kwata ina shan shayin rage ƙiba da na saya a Instagram, da farko na sauke kilo 3 amma yanzu sikeli ya tsaya cak, ga jiri, ga Hajiyar maigidana kullum sai ta ce na rame ko ɗanta ba ya ciyar da ni ne. Wallahi na gaji har na koma shan lemo. Ya zan yi? Daga wata 'yar uwa, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ragwanta ce ke damunki ba, tsarin da kika ɗauko ne babu mai iya zama da shi. Ke ce mai tuƙa tuwon gidan nan ki kwashe ki malmala ki miƙa wa yara, sannan ki ce ba za ki kai loma ba? Haba, ai dole zuciya ta karaya.

Shayin nan dai ki ajiye shi. Da yawansu ganyen filasko ne a ciki, gudawa yake sa ki, ruwa ne ke fita ba kitse ba, ga yunwa a kai to ina jiri ba zai zo ba. In kina shayarwa ma abin ya fi muni.

Ki koma cin tuwonki amma malmala ɗaya madaidaiciya, miya ta fi tuwon yawa, kuka, kuɓewa, taushe, ki dinga kwaɗon zogale ko rama da wake da ƙwai dafaffe, su ne ke riƙe ciki har yamma ba kya zagayen kicin. Inda ɓarnar take shi ne mai da suga. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 120 ne, to ki tuna yadda muke tsiyaya shi a shinkafa da wake ko ɗanwake ba awo har ya kwanta a gindin faranti. Lemon roba kuwa mai 50cl sugan da ke ciki ya haura ƙananan cokula 10, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi an fi so mutum ya tsaya wajen cokali 6 a rana. Zoɓo da kunun aya ma in an zambaɗa musu suga duk kanwar ja ce.

Motsa jiki, hukumar dai ta ce minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar, ba sai kin je gidan motsa jiki (jim) ba. Ki raka yara islamiyya da ƙafa da ɗan sauri, ko ki zaga tsakar gida bayan asuba kafin rana ta buɗe, in kin samu maƙwabciya ku dinga yi tare ya fi, don ranar da kasala ta kama ki ita za ta buga miki ƙofa.

Sikeli kuma sau ɗaya a sati ya isa, da safe kafin karin kumallo. Lokacin al'ada ko in kin ci gishiri da yawa yana iya hawa da kilo guda, ruwa ne kawai. Rabin kilo a sati ci gaba ne mai kyau, kuma ki sa tef ɗin tela ki auna ƙugu duk wata, sau da yawa siket kan yi sako-sako sikeli bai motsa ba.

Hajiya kuwa kar ki ja da ita, a wurinsu ƙiba alamar hutu ce da kulawar miji. Ki ce Hajiya gudun hawan jini da ciwon suga nake, wannan za ta gane, kuma da ta ga kina cin tuwo a gabanta maganar za ta lafa. Jirin nan in bai tafi ba bayan kin koma cin abinci, ki je asibiti a duba jininki.