Shafina yana gocewa gefe idan sandar gungurawa ta fito

Malam, ka ce rubutunka yana zabura hagu da zarar shafinka na intanet ya yi tsawo. Na sha fama da wannan. Idan shafi ya yi tsawo sai sandar gungurawa (scrollbar, wadda ake ja don hawa da sauka a shafi) ta fito, kuma a Windows tana cin fiksel 15 zuwa 17 na faɗin shafin, dole komai ya matsa.

A cikin CSS ɗinka, wato umarnin da ke tsara kamannin shafi, sa scrollbar-gutter: stable a kan html (tushen shafin), ba body (jikin shafin) ba, nan ake yawan kuskure. Burauza za ta ware wa sandar gurbinta ko ba ta fito ba. Chrome ya karɓe shi tun siga ta 94, Safari sai 18.2.

Kada ka gwada a waya ka ce bai yi ba, sandar can bisa rubutu take shawagi. Ka kuma guji 100vw, wato cikakken faɗin tagar burauza, domin sau da yawa har da faɗin sandar yake lissafi. In abin ya ƙi, nuna wa gogaggen mai CSS.