Tambayi Likita: Ƙafar Inna ta kumbura bayan shanyewar ɓarin jiki

Assalamu alaikum Likita. Ni direba ne a nan Legas, ina tuƙa wani ɗan Indiya a Ilupeju, gida kuma Agege. Sati uku kenan mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo ta tana kwance a gida, toh yanzu ƙafar hagun da ta shanye ta kumbura suntum kuma da zafi in ka taɓa, ƙanwata kullum sai ta murza mata da man zafi. Da na ba oga labari sai ya ce kar ya zama jini ne ya daskare a jijiya, amma wai ciwon Turawa ne, su mutanen Asiya ba su cika yi ba balle mu. Dan Allah gaskiya ne?
Daga mai bibiyarku, Agege.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kafin komai ka kira ƙanwarka yanzu yanzu ka ce ta daina murzar nan. In gudan jini ne a jijiyar cikin ƙafa, murza shi na iya sa ya ɓalle ya bi jini har huhu, kuma wannan kan kashe mutum cikin mintoci. Yau ɗin nan a kai ta asibiti a yi mata hoton jijiyar ƙafa, wanda ake ce ma Dofla, ba allura ba yanka, na'ura ce kawai ake gogawa a kan fata. Ku je asibitin koyarwa, LUTH na Idi-Araba ko LASUTH na Ikeja, wanda ma ya fi kusa da ku. In kuma kun ga numfashinta ya koma sama-sama ko tana kukan ƙirji ko tari da jini, wannan ba a jiran gari ya waye.

Maganar oganka kuwa, rabinta gaskiya ne kuma ba shi kaɗai ba, likitoci ma sun daɗe da wannan tunanin. Akwai wani gado a jini da ake kira Factor V Leiden mai sa jini saurin daskarewa, kusan Bature 5 cikin 100 na ɗauke da shi, amma a mutanen Sin da Japan da mu baƙar fata da ƙyar ake ganinsa. Shi ya sa shekara da shekaru asibitocin Asiya da yawa ba su damu da rigakafin abin ba. Sai da aka zo ana dubawa da na'ura maimakon a jira ƙafa ta kumbura, wani bincike da aka buga a 2006 a Singapo kan masu shanyewar da toshewar jijiya ta jawo ya samu gudan jini a ƙafar kusan kashi 30 cikin 100 a kwana 7 zuwa 10 na farko, zuwa ƙarshen wata ya kai kashi 45. Da yawansu ko ciwon ba sa ji. Kaga kenan ƙafar da ta shanye ba ruwanta da fasfo, naman sha-raɓa shi ne famfon da ke tura jini sama in kana tafiya, in ya daina motsi jini sai ya kwanta kamar ruwan kwata a Mile 12 bayan ruwan sama, ga tsufa, ga rashin shan ruwa don haɗiya na ba su wahala.

Inda nake so ka kula sosai shi ne magani. Na san halinmu, wani zai ce a je kemis a sayo na tsinka jini. Kar ku kuskura wallahi. Shanyewar iri biyu ce, ko jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa ko ta fashe jini ya zuba, kuma binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana ya nuna kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewa a wajenmu fashewa ce, yawanci hawan jini ne sila. A nan mun yi kama da mutanen Asiya, su ma fashewar ta fi yawa a cikinsu fiye da Turawa. Wanda jini ya zuba masa a kai ka ba shi maganin tsinka jini irin heparin ko warfarin da ka, ai ka ƙara masa ne. Sai likita ya duba hoton kan da aka yi mata tukuna, don haka ku tafi da shi da katin asibitin da duk magungunan da take sha.

Doguwar safar nan mai matse ƙafa da ake tallatawa, ku bar kuɗinku, gwajin da aka yi a 2009 ya nuna ba ta hana komai ga masu shanyewa, sai ma ta ci musu fata. Wadda ta yi aiki a gwajin 2013 ita ce rigar ƙafa mai hura iska tana sacewa, ta rage abin daga kashi 12 zuwa 8 da rabi, ita kuma a gadon asibiti ake sa ta tun kafin gudan ya fito, ba yanzu ba. In an fara mata magani likita ya ba da izini, sai mai gashin ƙashi ya koya wa ƙanwarka yadda za ta riƙa juya ta da zaunar da ita a kujera.